Shanya a Fiffiken Jirgin Yaƙi

A gidan Dakta Lurwanu da ke unguwar Ulaisha kowa ya san wurin zamansa, ba sai an nuna masa ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan Nijeriya mazauna Riyad kan hallara a can a ci tuwo a yi hirar gida. Likitoci da injiniyoyi su ke hawa kujerun kushin na ƙuryar falo, inda na'urar sanyi take busowa. Malaman asibiti da akawuna suna kan kafet. Direbobi da leburori kuwa suna bakin ƙofa wajen tarin takalma, inda kwanon miya kan iso bayan an tsame naman. Ba wanda ya taɓa kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Injiniya Bashari yana da kujerarsa, ta biyu daga hannun daman mai gida, kuma da za a ce ya zaɓa tsakanin kujerar nan da idonsa ɗaya, sai ya tsaya ya yi tunani. In an tambaye shi aikinsa sai ya gyara zaman tabarau ya ce jiragen yaƙi yake dubawa. In mutum ya nemi ƙarin bayani sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya: "Ka san harkar soja, ba komai ake faɗa ba." Nan take a kama baki, mai tambayar ma ya ji kamar ya yi laifi.

Jiragen nan dai guda ɗaya ne tak, kuma rabonsa da sama tun Bashari yana sakandare. Na Abu Mansur ne, attajirin siminti da tayil, wanda shi ne kafil ɗin Bashari, wato shi ya ɗauko shi daga gida, fasfonsa kuma na cikin durowarsa. Wata shekara Abu Mansur ya je Ingila a duba masa ciwon suga, aka zaga da shi wani gidan tarihi, ya ga tsofaffin jiragen yaƙi a jere suna ƙyalli, Turawa tsaye a gabansu sun yi tsit kamar ana musu wa'azi. Ya tambaya ko nawa ne. Aka ce masa ba na sayarwa ba ne, maganar da bai taɓa ji ba tun da ya yi arziki. Bai bar ƙasar ba sai da ya samu dillalin da ya nemo masa irinsu, wanda aka yi wa ritaya, aka zare masa inji da bindigogi, aka kwakkwance shi aka zuba a akwatuna. Jirgin da aka ƙera don ya tsere wa ƙararsa, a jirgin ruwa ya zo Dammam, ya ƙaraso Riyad a bayan tirela.

A yi wa Bashari adalci, ya san aikinsa. A Zariya ya koyi gyaran jirgi, ya yi aiki a filin jirgin Kano, kuma shi ya haɗa wannan ƙarfe noti bayan noti a gonar Abu Mansur da ke hanyar Kharj, a shekarar 1983. Ran da aka gama, mai gida ya yanka raguna, ya tara abokai, ya hau tsani ya cusa kansa a mazaunin matuƙi. Shigar ba ta yi wuya ba. Fitar ce sai da mutum uku suka kama, don wanda ya ƙera kujerar bai yi tunanin tumbin ɗan kasuwa ba. Da ya sauko yana haki ya dafa kafaɗar Bashari.

"Ya muhandis," ya ce, wato injiniya da Larabci, "zan gina wa jirgin nan gidan tarihi wanda ya fi na Ingila, da gilashi da sanyi. Kai ne mudir."

"Ɗal umrak," in ji Bashari, wato ranka ya daɗe, yana jin kansa yana ƙara tsawo. Mudir, shugaban wuri guda! Mudir ai ba a kujera ta biyu yake zama ba.

Wata bai zagayo ba Abu Mansur ya koma kiwon shaho. Daga shaho ya koma tara tsofaffin motoci. Jirgi ya zauna tsakanin itatuwan dabino da garken awaki, Bashari kuma ya zauna da shi. Kullum da safe Sambo, direban gonar, wani Bahaɗeje mai yawan dariya, kan ɗauko shi daga Ulaisha. Bashari ya sa rigar aiki, ya goge ƙura, ya ƙara wa tayoyi iska, ya kori tantabarun da suka mai da ramin inji gidan gado. Gobe ƙurar ta dawo, tantabarun ma haka. Duk ƙa'idar adana jirgi tana kansa: kada danshi ya taɓa shi, kada maiƙo ya kwana a jikinsa, gishiri kuwa ko giftawa kada ya yi ta kusa, don shi ne ajalin alminiyam. Shekara biyu yana kiyaye wannan, ba wanda ya leƙo ya ce masa sannu. Abin yana cinsa a rai, faɗa ne dai ba ya yi.

Akwai wani abin kuma da ba ya faɗa, wanda ya fi harkar sojan zama sirri. Mahaifinsa, Malam Isiyaku, mahauci ne a kasuwar Gusau, kakansa ma haka. Da wuƙa a hannu Bashari ya tashi, tun bai kai ya yi azumi ba ya iya mai da cinyar saniya ta zama sala, fallen nama mai faɗin zane. A makaranta aka laƙaba masa Ƙarni, ana toshe hanci in ya shigo aji, kuma sunan nan ne ya kora shi cikin littafi har ya fito injiniya. Uban bai taɓa gane abin da ɗan yake yi ba. In an ce masa Bashari yana gyaran jirgin sama sai ya ce, "To, Allah Ya sa ya samu sana'a." A Riyad, banda matarsa Kaltume ba wanda ya san wannan, ita ma ya ja mata kunne. A gidan Dakta in an miƙo masa nama da yatsa biyu yake kamawa, kamar bai san daga ina ake samo shi ba.

Babbar Sallar 1985 ta faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Riyad da mutum kan ji kamar an buɗe masa bakin tanda a fuska. Iyalin Abu Mansur suka zo gona aka yi yanka, raguna da saniya da ɗan raƙumi, suka kwashi abin da suke so suka koma gari, suka bar wa ma'aikata sauran. Washegari janareto ya mutu, firiza ta fara tsiyaya. Bashari ya leƙo don ya duba bargon da ya lulluɓe gilashin jirgi da shi, ya tarar da Sambo a gindin dabino da cinyar saniya, wai zai yanyanka ya shanya kafin ta lalace.

Yanka ne na rashin imani. Sambo yana sarar tsoka kamar mai faskare, yana bin ta a karkace, yana barin jijiya da kitse a jiki. Bashari ya kau da kai. Ya je ya zaga jirgi ya dawo, ya sake kau da kai. Sai kawai ya ji bakinsa ya ce, "Kai, kawo nan, kada ka kashe saniyar nan sau biyu."

Ya wasa wuƙar a gefen bulo, ya kama tsokar da hagu ya shiga warware ta. Ta riƙa buɗewa tana tsawo kamar ana kwance rawani, har ana hango rana ta cikinta. Sambo ya saki baki.

"Ranka ya daɗe, wannan ma a makarantar jirgin ake koyarwa?"

"Ilimin injiniya ne, da yankan nama da yankan ƙarfe duk ɗaya ne. In kuwa na ji maganar nan a bakin wani, ni da kai ne."

Saura wurin shanya. Ƙasa rairayi ce, babu asabari, babu gadon kara, ga kyanwoyin gona sun kewaye su sun zauna kamar 'yan biki. Sambo ya ɗaga kai yana neman inda zai ɗaura igiya, sai idonsa ya sauka a kan fiffike. Ga faɗi, ga santsi, ya fi ƙarfin tsallen kyanwa, kuma Injiniya da hannunsa yake goge shi tas kullum. Ya hau tsani ya ɗora tafinsa, ya janye da sauri yana yarfewa.

"Wallahi Injiniya, nan ko ƙwai ka fasa sai ya soyu."

"Ba ka da hankali ne? Ka san ko mene ne wannan?"

"Na sani mana. Amma naman layya ne, ranka ya daɗe. In muka bar shi ya ruɓe, me za mu ce wa Allah?"

Bashari ya dubi nama, ya dubi jirgi. Ya ce to, sau ɗaya ne, kuma sai an shimfiɗa jarida. Kafin la'asar sala ta bushe ƙamas, abin da a Gusau sai an kwana ana jira. Da ya ɗaga ɗaya ya ji yadda ta yi ƙara a hannunsa, sai wani daɗi ya cika masa ƙirji, irin wanda shekara biyu na shafar ƙarfe bai taɓa ba shi ba. Yana isa gida ya ce wa Kaltume ta soya gyaɗa ta matse mai, tunkuza yake so, a kuma nemo citta da masoro da kanumfari a kasuwar Batha.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Labun kilishi za ka haɗa ke nan. Ashe harkar sojan ta zo da sauyi."

"Gwaji ne."

"Allah Ya ba da sa'a, Injiniya. Ni dai warin da ka shigo da shi na san shi, kuma ba na man jirgi ba ne."

Juma'ar da ta biyo Sambo ya shiga gidan Dakta da ƙunshin kilishi a hammata. Ya ce wani tsoho ne a unguwar Al-Oud, irin mutanenmu da suka daɗe a ƙasar, yake yi, kuma ba ya son a san shi. Dakta Lurwanu ya gutsiri kilishin ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Ya ce rabonsa da irin wannan tun yana ɗalibi, kuma duk wanda ya yi shi a gidansu ya gada, ba koyo ya yi ba. Ranar ce farkon da abinci ya tashi daga bakin ƙofa ya nufi ƙurya. Da faranti ya iso kujera ta biyu Bashari ya ɗauki ɗan mitsitsi da yatsa biyu, ya tauna a yatsine.

"Ba laifi," ya ce. "Citta ta ɗan yi yawa."

A cikinsa kuwa rawa yake yi. Mutumin da ya haɗa jirgi guda ba a yabe shi ba, yau ga likitoci suna lasar yatsa a kan aikinsa.

Sau ɗaya ya zama duk mako. Jarida ce ta fara tafiya, don Sambo ya lura cewa jaridun ƙasar babu shafin da ba sunan Allah a ciki, bai kamata a ɗora musu ɗanyen nama ba. Bashari ya yarda da wannan fatawa da saurin da ya ba shi mamaki shi kansa, musamman da ya ga nama ya fi gasuwa in ya kwanta a kan ƙarfen tsirara. Fiffiken hagu ya zama na shanyar farko, na dama na wanda aka tsoma a labu. Gishiri da barkono da man gyaɗa suka riƙa bin layin ƙusoshi suna shigewa. Wanda aka gama kuwa sai a jera shi a ma'ajiyar harsasai da ke cikin jirgin ta ƙasa, inda kyanwa ba ta iya shiga. Bashari ya san abin da gishiri yake yi, ya fi kowa sani a duk hanyar Kharj. Kowace yamma yakan goge fiffike da tsumma ya ce wa kansa wannan ne na ƙarshe.

Da sanyi ya shigo, wani abokin Abu Mansur mai sayar da ƙarfen gini ya sayo tankar yaƙi ya kafa a ƙofar gonarsa, mutane suna ta zuwa kallo. A ranar Abu Mansur ya tuna yana da jirgi. Ya kira Bashari ya ce ya gayyato wani gwani daga gidan tarihin nan na Ingila, zai zo ya duba jirgin ya tsara ginin. Za a yi walima a gona, za a kira manyan mutane, har da likitansa, Dakta Lurwanu.

Gaban Bashari ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. A zaman Juma'a ya sanar cewa yanzu an ba shi izinin magana: shi aka zaɓa ya shugabanci gidan tarihin jiragen yaƙi, irinsa na farko a hannun ɗan kasuwa. Aka yi ta barka. Daga nan ya koma gona ya kama fiffike da wanki. Ya sa omo, ya sa fetur, ya sa toka da lemon tsami. Maiƙo ya fita, amma shatin kowace sala yana nan raɗau, ga wasu ɗige-ɗige fari-fari kamar ƙyasbi sun bi layin ƙusoshi. In rana ta take kuma sai ƙamshin kilishin tashar mota ya tashi ya cika gona. Ya ce wa Sambo ya kwashe komai, ko zare kada a bari. Sambo ya ce an gama. Abin da bai faɗa ba shi ne, na Juma'ar nan yana cikin ma'ajiyar harsasai, don likitoci sun riga sun sa rai.

Ranar walima bayan la'asar aka shimfiɗa dardumai a inuwar jirgi, aka kawo gahawa da dabino. Bashari ya sha kwat da laktaye. Gwanin, Mista Dalton, tsoho ne jajir wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran irin waɗannan jirage. Yana hango jirgin ya cire hula, ya je ya shafa masa hanci, idonsa ya kawo ruwa. Ya zaga ya leƙa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce da Turanci duk wanda ya haɗa wannan ya san abin da yake yi. Bashari ya fassara wa Abu Mansur da Larabci, ya ƙara gishiri daidai gwargwado, ya saci kallon Dakta ya ga ko ya ji.

Sai Bature ya hau tsani.

Ya daɗe a sama. Aka ga ya durƙusa, ya fito da wani ɗan gilashi yana duba ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Ya kankara da farce, ya sansana, ya kai harshe. Tari ya sarƙe shi har sai da aka miƙa masa ruwa.

"Mista Bashari, mene ne wannan?"

"Iskar hamada ce, yallaɓai. Tana ɗauke da gishiri."

"Da barkono?"

Bashari ya ce hamadar nan ba irin wadda aka saba ba ce. Bature ya sauko. A ƙarƙashin jirgin kyanwoyin gona sun jeru sun ɗaga kai suna kallon wuri ɗaya. Ya bi idonsu, ya sunkuya, ya sa hannu ya ɓalle murfin da ya ɓalle dubunsa a rayuwarsa. Kilishi ya zubo masa a ka, falle bayan falle, ya gangaro kan darduma har gaban baƙi.

Dakta Lurwanu ya ɗauki ɗaya ya juya shi. "Kai! Wannan ai na tsohon Al-Oud ne."

Mista Dalton ya karkaɗe yaji daga gashinsa. Ya ce gishiri ya shige ƙarƙashin ƙusoshi ya cinye fukafukan ta ciki, babu gidan tarihin da zai karɓi wannan ko kyauta. Ya ce jirgin ya yi shekaru yana tashi, ya tsira daga wuta, ya tsira daga teku, ya zo abincin dare ya kashe shi. Wannan karon Bashari bai fassara ba, wani baƙo ne ya yi, bai kuma rage komai ba.

Abu Mansur ya yi kicin-kicin. "Wa ya yi?"

Nan fa Injiniya Bashari, mai kujera ta biyu, ya yi abin da ko a rumfar pawa ba a yi wa abokin aiki. Ya nuna Sambo da haɓa. "Direban ne, ɗal umrak. Ba na nan yake yi."

Sambo ya dube shi, kallon da Bashari ya ji har cikin ƙashinsa. Shi ma iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, a hannun Abu Mansur take, ga 'ya'ya a Haɗeja. Amma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, ɗal umrak."

Abu Mansur mutum ne da in ransa ya ɓaci sai ya nemi abin taunawa. Ba da saninsa ba ya ɗauki falle ɗaya ya kai baki. Ya tauna, ya tsaya, ya ƙara. Baƙi da suka ga mai gida yana ci suka sa hannu, har da mai tankar yaƙi, wanda hawaye ke zubo masa don yaji amma bai fasa ba. Abu Mansur ya dube shi, fuskarsa ta fara washewa.

"Tankarka tana yin wannan?"

Mai tanka ya ce ba ta yi.

"Yalla, a kawo cinyar maraƙin da aka yanka ɗazu. Sambo, yi a gabanmu mu gani."

Aka kawo cinya da wuƙa. Bashari ya ja gefe ya harɗe hannu. Abin da ya rage masa kaɗan ne: ya yi shiru na ɗan lokaci, ya tashi yana nan injiniyansa. Sambo ya yi bisimilla ya kafta wa tsoka wuƙa a karkace. Bashari ya dubi dabino. Sambo ya yanko wani ƙato mai kaurin takalmi, da jijiya tana reto. Bashari ya dubi awaki, gumi yana bin laktayensa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Da a ce an kushe aikin ma, da ya daure. Sai wani baƙo ya ce masha Allah. Dakta Lurwanu kuma ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe ma abin ba wuya."

"Kawo nan!"

Ya fizge wuƙar, ya durƙusa da kwat ɗinsa a kan darduma, ya goga ta a ƙasan kofin gahawa. Ya nemo bakin tsoka da babban yatsa ya shiga warwarewa. Wurin ya yi tsit, ba a jin komai sai kukan tantabaru a ramin inji. Sala ta riƙa fita tana tsawo, ba huda ko ɗaya, ta wuce gwiwarsa ta kwanta a faranti tana naɗewa. Da ya kai ƙarshe ya miƙe ya ɗaga ta da hannu biyu, rana ta ratso ta ja wur. Sai a lokacin ya tuna inda yake.

Abu Mansur yana tafi. Mista Dalton ya koma mota ya zauna ya rufe ƙofa. Dakta Lurwanu kuwa murmushi yake yi, irin na likitan da ya gano ciwo.

"Injiniya," ya ce a hankali, "a Gusau ɗin, gidan wa kake?"

Maganar gidan tarihi daga ranar ba a sake ta ba. Abu Mansur ya gina rumfa a gefen jirgi, ya sa fitilu, ya sayo janareto sabo. Duk Alhamis motoci sukan cika gona, a zo a ga jirgin yaƙin da ke gasa nama, a ɗauki hoto, a tafi da ƙunshi. Tun da aka ƙera jirgin nan bai taɓa samun masu kallo haka ba. Ba a kori kowa ba. Abu Mansur dai ya daina cewa ya muhandis, ya koma ya mu'allim, yadda suke kiran mai sana'ar hannu. Tayoyi suka sace, ba wanda ya ce a ƙara musu iska.

Bashari ya so ya daina zuwa Ulaisha ran Juma'a, Kaltume ta ce in bai je ba za a ce kunya yake ji. Ya je. Ba wanda ya zage shi, da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. Yana sallama falo ya ɗauka, "Sarkin Pawa ya iso!" Aka yi ta miƙo masa hannu da fara'a. A kujera ta biyu wani sabon likitan haƙori ne zaune, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Dakta ya ce don Allah kafin ya zauna ya leƙa kicin, an kawo rago an rasa mai gyara shi. Da ya fito yana goge hannu, kafet ya cika. Sambo ya tura takalma gefe ya matsa masa.

"Zauna nan, ranka ya daɗe. Nan ma ana jin hirar."

Bayan 'yan watanni Dakta Lurwanu ya je gida hutu. Mutum ne mai son zumunci, don haka ya bar hanyarsa ya ratsa har Gusau, ya yi tambaya a kasuwa aka kai shi rumfar Malam Isiyaku. Juma'ar da ya dawo, ana tsakiyar cin tuwo, ya fito da wani abu dogo naɗe a takardar siminti, ya ce a miƙa wa Bashari. Saƙon ya bi hannu-hannu daga ƙurya, ya ratsa kafet, ya iso wajen takalma. Wuƙa ce, ƙotarta ta yi baƙi don riƙo, wasawa ta cinye rabin faɗinta. Bashari ya san ta tun kafin ya san harafi.

"Tsoho yana gaishe ka," in ji Dakta, da muryar da kowa zai ji. "Na ba shi labari duka, har ya yi ƙwalla. Ya ce da ma kullum addu'arsa ke nan, Allah Ya sa ka samu sana'a. Ya ce a gaya maka yanzu hankalinsa ya kwanta."

Falo ya amsa da amin. Bashari ya sunkuyar da kai, bai san ko kuka zai yi ba ko zagi. Tun da ya bar gida da akwatin makaranta, wannan ne abu na farko da ubansa ya taɓa aiko masa. Babban yatsansa, wanda ba ya shawara da shi, ya riga ya bi bakin wuƙar yana gwada kaifi. Ta fi duk na gonar.

Sambo ya taɓa shi da gwiwar hannu. Kwanon miya ne ya iso, an tsame naman.